Ragar da Ba Ta Ruɓewa

Ranar da abin ya fara, babu komai a iskar gidan sai hayaƙin banda. An idar da sallar magariba, tsakar gida ta yi irin duhu-duhun nan da ba a kai ga kunna fitila ba, amma in allura ta faɗi sai an laluba. Inna, matar gidan, na tsugune gaban gangar da take bandar kifi, tana juya tarwaɗa a kan waya tana kare ido daga hayaƙi. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, budurwa 'yar shekara goma sha tara, ta saƙale bakin raga a babban yatsan ƙafarta tana ɗinke inda ta yage. Maigidan kuwa, wanda duk bakin kogi ba a san shi da wani suna ba sai Nutsau, ya miƙe ƙafafu a kan tabarma yana goge bindigarsa ta farauta da tsumma.

Sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano, ƙwal!

"Yaran maƙwabta ne," in ji Nutsau, ko kai bai ɗaga ba. "Sun ga jemage."

Na biyu ya faɗo, ya fi na farko nauyi. Tsohuwar karyarsa ta farauta, wadda ko a gaban kura ba ta ja da baya, ta tashi daga gindin bango, ta matse wutsiya, ta fice ba tare da ta yi haushi ko sau ɗaya ba. Na uku ya gangaro ta kwarin kwanon a hankali, kamar ana riƙe da shi, ya faɗo daidai ƙafar Nutsau. Ya miƙa hannu ya ɗauka.

Ba dutse ba ne. Dalma ce, irin wadda ake jerawa a gindin raga don ta nutse. A jiƙe take, da sanyi kamar yanzu aka tsamo ta daga ƙasan ruwa, ga gansakuka a cikin hudarta. Ya shafa ta da babban yatsa, ya ji tsaga uku a gefe. Shi yake narka dalmarsa da kansa daga tsofaffin baturan mota, kuma shi kaɗai ke yi mata tsaga uku da bakin wuƙa, don kada ragarsa ta ɓace cikin ta mutane.

"Mene ne, Baba?" in ji Auta.

"Tsakuwa ce," ya ce, ya jefa ta a aljihu.

In za a faɗi gaskiya, Nutsau ba mugun mutum ba ne, amma gidan nan masaukinsa ne kawai. Shekara arba'in da ɗoriya yana cikin ruwa. In kogi ya cika yana su, in ya janye yana daji da tarko da bindiga, yana bin sawun gada da fakara. Ya san inda giwar ruwa ke kwana, ya san ranar da agwagin daji za su sauka, amma in ka tambaye shi ajin da 'yarsa take a makaranta sai ya waiwaya ya dubi Inna. Haihuwa biyar aka yi masa, huɗu a bakin ruwa labari ya same shi. Sunan ma a nutso ya samo shi, don in ya shiga ƙasan ruwa sai na kan tudu sun fara salati kafin ya ɓullo. Inna takan ce ranar da ta Allah ta kasance ba sai an wahala da yi masa wanka ba, ya riga ya yi nasa tun da rai. Shi kuma ya yi dariya ya ce iya ruwa fidda kai.

Yayyen Auta duk sun watse birni, sun ce ba za su ƙare rayuwa suna ƙarnin kifi ba. Ita kaɗai ta zauna kusa da shi. Tun tana 'yar shekara bakwai ta koyi saƙar raga, har ta fi shi hannu, kuma tana da wata ɗabi'a da take ba shi dariya: ba ta ƙulla ƙulli sai ta motsa leɓe ta yi bisimilla. Yakan ce mata, "Ke in aka biye miki, raga ɗaya sai ta ci shekara." Yana son yarinyar nan, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Sai dai so ne irin na mutumin da kullum ƙafarsa ɗaya tana waje.

Washegari da magariba aka sake jifan. Haka rana ta uku, haka ta huɗu. Abin yana da lokacinsa kamar mai zuwa aiki: da an sallame sallar magariba zai fara, da an kira isha zai ɗauke. Maƙwabta suka fito da tocila suka zagaye gidan, suka leƙa bayan katanga, wani mai ƙarfin hali ma ya hau bishiya ya zauna. Bai ga kowa ba, sai dai ya ji abu ya wuce ta gefen kunnensa daga sama, ya sauko ba shiri ya bar takalmi ɗaya a can. Da safe Inna ta share dalma cike da kwanon sha. Ta dube ta, ta dubi mijinta.

"Maigida, wannan ba taka ba ce?"

"Dalma ai dalma ce. Nawa na zubar a kogi tun ina yaro?"

Ta san tsaga ukun nan kamar yunwar cikinta, amma ta ƙyale shi, don in Nutsau ya kafe gara ka yi magana da turmi. Shi ma ba wai ƙarya yake son yi ba. Ya yi ta juya abin a ransa, a cikin kwalekwale da kan shimfiɗa, bai tuna ya yi wa kowa laifi ba. Abin da yake tsoro shi ne a ce abin daga ruwa yake, don ya san maganar da za ta biyo baya ita ce ya huta da zuwa kogi.

A rana ta biyar randar ruwan sha ta fara magana. Ba magana ce da za ka tsinci kalma a ciki ba. Murya ce ta mace, can ƙasa-ƙasa, irin wadda uwa ke yi in tana lallashin yaron da ya gaji da kuka. Inna ta zubar da ruwan, ta kife randar, muryar ta koma cikin butar alwala. Daɓen ɗakin Auta ya riƙa tsatsafo da ruwa alhali ko yayyafi ba a yi ba, gidan duk ya ɗauki warin taɓo. Karyar ba ta sake shigowa ba, ta koma kwana a bakin hanya. Matan da ke zuwa sarin kifi suka riƙa tsayawa daga waje suna miƙo kwando, in la'asar ta yi kuwa ko mai neman wuta ba ya leƙowa. Su uku suka koma cin abinci da wuri, tun da sauran rana, kowa kunnensa na kan rufi.

A rana ta takwas jifa bai zo ba. Magariba ta yi, gidan ya yi tsit, har Inna ta fara hamdala. Auta na zaune inda ta saba da raga a ƙafa. Nutsau ne ya fara lura hannunta ya tsaya. Ta saki allurar, ta fara ture wani abu daga damtsenta, kamar wadda yanar gizo ta manne wa. Ta ture, ta ture, sai hannuwan suka koma suka manne a jikinta, gwiwoyi suka naɗe zuwa ƙirji, ta faɗi gefe guda. Bakinta a buɗe, idonta a buɗe, amma numfashi babu.

Nutsau ya ga mutane da yawa sun nutse, ya kuma tsamo da yawa, masu rai da waɗanda sai dai haƙuri. Ya san wannan kallon. 'Yarsa nutsewa take yi a busasshiyar ƙasa, a gabansa, kuma babu ruwan da zai faɗa ya ciro ta. Ya ɗaga ta ya jijjiga, ya danna ƙirji, Inna na salati tana kiran maƙwabtan da babu wanda ya shigo. Can sai yarinyar ta ja numfashi da wata irin ƙara, ta amayo ruwa mai yawa, baƙi, da 'yan ganyaye a ciki. Da aka kawo fitila aka ga jikinta duk ya yi shatar layuka, gida-gida, daga wuya har idon sawu, kamar an naɗe ta da raga an ɗaure tam.

Da safe suka kai ta asibiti. Aka auna ƙirji, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, likita ya ce bai ga komai ba, ya rubuta maganin ƙarin jini. Ko a ranar, da suka dawo, sai da Nutsau ya zame ya je ya duba ƙugiyoyin da ya kafa, wai kada kifi ya lalace a banza. Da rana Auta lafiyarta lau sai kasala, in aka tambaye ta abin da take gani sai ta kau da kai. Da magariba abin ya dawo. Nutsau ya riƙa tsayar da nasa numfashin tare da nata, don ya san iyakar abin da ƙirjin ɗan Adam ke ɗauka. Ranar farko ya jira ta cikin sauƙi. Rana ta uku sai da jijiyar wuyansa ta tashi. Rana ta biyar, shi Nutsau da duk sunansa, ya saki numfashi yana haki, ita kuwa ba ta dawo ba sai bayansa. A ranar ya san in aka ƙara kwana biyu a haka, gawa za su ɗauka daga kan tabarmar nan.

Inna ba ta nemi izininsa ba. Gari na wayewa ta yafa mayafi ta tafi da ƙafarta ta kira malamin da ke bayan kasuwa.

Malamin ɗan tsurut ne, tsoho, mai yawan tari, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Gyaran agogo yake yi da safe, da yamma yana karantar da manya. Wanda bai san shi ba ba zai ce ya iya korar kaza ba. Ya zo bayan la'asar, ya ƙi zama a kujera, ya zagaya gidan a hankali yana taɓa bango, ya tsaya ya daɗe yana kallon kwanon dalmar nan.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi," ya ce wa Nutsau. "Me ka ɗauko daga ruwa ko daga daji wanda ba naka ba?"

"Wallahi, Malam, ban ɗauko komai ba sai kifi."

"Me ka kashe wanda ka ji jikinka bai ba ka ba?"

"Babu."

"Ka sare wata bishiya? Ka toshe wani rami?"

"Ban yi ba."

Malam ya gyaɗa kai. "To, bari mai maganar ya zo ya faɗa da bakinsa."

Ya sa aka kwantar da Auta a tsakar gida, Inna ta lulluɓe ta da zane ta ɗora kanta a cinya. Rana ta yi ja ta faɗa bayan katanga. Tsuntsayen da suka saba hayaniya a bishiyar maƙwabta ranar ko ɗaya bai yi kuka ba. Da suka idar da salla, Malam ya zauna daga gefe ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, murya ɗaya, kamar mai bitar hadda. Duhu ya sauko. Warin taɓo ya taso har ana jin sa a harshe. Gwiwoyin yarinyar suka fara naɗewa. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma tsaya ba, ya yi ta maimaita ayoyin har fitilar da ke rataye ta fara lilo ba iska. Sai Auta ta buɗe baki, muryar randar nan ta fito daga ciki, a dishe, ta macen da ta daɗe tana kuka.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Uwa ce."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ka yi ta tambayar ubanta abin da ya ɗauko. Ba ɗaukowa ya yi ba, bari ya yi. Tambaye shi gurbin da ke ƙarƙashin dutse."

Nutsau ya dafe kai. Sai yanzu abin ya faɗo masa. Wata biyu da suka wuce, daidai irin wannan lokaci, ya je ɗaga raga a gurbin nan mai zurfi inda ruwa ke juyawa a gindin dutse, ya tarar ta maƙale a ƙasa. Ya ja, ya ja, duhu na yi, ga sauro, ga yunwa. Sai ya yi abin da ya ga mahaifinsa ya yi ba sau ɗaya ba: ya zaro wuƙa ya yanke igiyar, ya ce ruwa ya ci rabonsa, ya juya kwalekwale. Ko a gida bai faɗa ba, don a wurin masunci wannan ba labari ba ne. Abin da bai taɓa tsayawa ya tuna ba shi ne, ragar mahaifinsa ta zaren auduga ce, kwana goma a ruwa ta ruɓe ta zama taɓo. Tasa ta zaren roba ce. Ita ba ta ruɓewa, ba ta kuma san an sallame ta daga aiki ba.

"Ɗana yana ciki," in ji muryar. "Ƙarami ne, wasa ya kai shi. Mu ba ma mutuwa da wuri irinku. Wata biyu yana ciki yana kirana, ina tsaye a kansa."

"Me ya hana ki kwance shi?"

"Yarinyar nan ta ambaci sunan Allah a kan kowane ƙulli. In na taɓa, hannuna ƙonewa yake. Ita ta ƙulla, shi ya sa na zo gare ta."

"Ko gaskiya kike ko ƙarya, Allah ya sani," in ji Malam. "Amma ko gaskiya ce, kin yi zalunci. Wadda ta ambaci Allah a kan aikinta ba ta yi laifi ba. Me ya sa ba ki je wa mai laifin ba?"

"Na je. Kwana bakwai ina jefa masa dalmarsa. Ya gane ta tun ran farko, ya sa a aljihu, ya ce tsakuwa ce."

Inna ta ɗago kai ta dubi mijinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallo.

"To me kike so?" in ji Malam.

"'Ya a madadin ɗa. Yadda nawa yake sha, haka tasa za ta sha, har ɗaya ya riga ɗaya."

Malam ya koma karatu. Wannan karon ya ɗaga murya, tarin ma ya ɗauke. Jikin Auta ya riƙa karkarwa a hannun uwarta, muryar ta yi kururuwa har kwanon rufi ya amsa, dalmar da ke cikin kwanon sha ta watse a tsakar gida kamar an yi shuri da shi.

"Tsaya! Tsaya, na ji!"

"Ba ki da rabo a jikin yarinyar nan, ko na gashi ɗaya. Faɗi abin da yake haƙƙinki."

"Ya shiga da kansa ya cire ragar. Ba wani ba, shi."

"Wannan haƙƙi ne. Gobe zai cire in Allah ya kai mu."

"Da saura. In ya fito, ya fito ke nan. Kar ya sake taka kwalekwale, kar ya sake jiƙa raga, a wannan ruwa ko wani. Ina da sauran 'ya'ya. In ya yi alkawari, na bar ta har abada. In bai yi ba, ka ƙona ni yau, ai ba kullum kake gidan nan ba."

Muryar ta ɗauke, numfashin Auta ma ya ɗauke tare da ita. Malam ya juyo wajen Nutsau.

"Wannan ba ni da ikon ɗora maka, ba ni da ikon amsawa a madadinka. Zan iya korarta yau da izinin Allah. Gobe da jibi kuma ban sani ba. Kai za ka faɗa."

Ya kamata a ce kafin Malam ya rufe baki amsa ta fito. Kowane uba haka zai ce maka, shi ma Nutsau da a bakin wani ya ji labarin, haka zai ce. Amma bakinsa ya yi nauyi. Kogin ne ya zo masa gaba ɗaya, hazon asuba a kan ruwa, nauyin raga in ta cika, sanyin da ke ratsa ƙafa in ka taka ruwa da sassafe. Ya ga kansa zaune a ƙofar gida kamar tsofaffin da yake wucewa yana tausaya wa. Ya fara neman wata hanya a ransa, ko a ce wannan kogin kawai, ko a ce shekara ɗaya. Yarinyar na kwance a gabansa leɓunanta na yin baƙi, shi yana ciniki da zuciyarsa.

"Maigida!" in ji Inna. Tun da ya aure ta bai taɓa jin wannan muryar a bakinta ba.

"Na yi alkawari," ya ce. "Na bar ruwa. Allah ne shaida."

Ƙirjin Auta ya ɗaga. Malam ya sa muryar ta rantse har sau uku, sannan ya tambaye ta ta ina ta shiga.

"Ta yatsan da take saƙala raga."

"To fita ta nan, kar ki waiwayo."

Babban yatsan ƙafar Auta ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Ta yi atishawa, ta juya ta rungume cinyar uwarta. Wani ruwa siriri ya fito daga ƙarƙashin tabarmar, ya ratsa tsakar gida, ya fice ta ƙofa, alhali wajen ƙofar ya fi tudu. Sai ga kiran isha. Malam ya tashi da ƙyar yana tari, ya ce wa Nutsau a bakin ƙofa, "Irinsu ba a cika gaskata su ba. Amma ragar taka ce. Ko babu kowa a ciki, cire ta ya zama dole."

Da hantsi masunta biyu abokansa suka kai shi gurbin, suka ɗaura masa igiya a ƙugu. Ya kama wuƙa da haƙori ya nutsa. Ƙasan ya fi yadda ya san shi duhu. Ya sami ragar ta kama jikin wani kututture, tsaye, a buɗe, tana aikinta. Ƙasusuwan kifi ne a ciki birjik, da kunkurun ruwa da ya ruɓe rabi, da sababbin kifayen da suka zo cin matattun su ma suka maƙale. Shekara arba'in yana kashe kifi, bai taɓa jin kunya ba sai ranar.

Sau shida yana fitowa yana komawa. A na bakwai ya kai tsakiya, inda ragar ta dunƙule, da nauyi kamar an naɗe yaro ɗan shekara uku. Bai ga komai ba, ya ma rufe ido don kada ya gani. Ya riƙa yanka ƙulli ɗaya bayan ɗaya, ƙullin 'yarsa, masu kyau, waɗanda ba sa zamewa. Da ya yanke na ƙarshe sai 'yan yatsu ƙanana masu sanyi suka kama wuyan hannunsa. Suka riƙe na ɗan lokaci, ba da ƙarfi ba, sannan suka saki. Ragar ta zama ba nauyi.

Suka jawo ta tudu suka ƙone ta ƙurmus. Ya ce wa abokan su raba kwalekwalen da sauran kayan kamun kifi a tsakaninsu. Ya dawo gida a ƙasa, ta doguwar hanya wadda ba ta bi ta bakin ruwa.

Jifa bai sake dawowa ba. Daɓe ya bushe, shatar jikin Auta ta baje cikin mako biyu, masu sarin kifi suka koma shigowa har tsakar gida, sai dai yanzu Inna a hannun wasu take saye ta yi banda. Nutsau ya cika alkawari. Ya gwada daji sau biyu, amma duk hanyar dajin da ya sani sai an ƙetare kogi, ya dawo ya rataye bindigar. Ya zama mai zaman ƙofar gida. Ya rame, maganarsa ta ragu, mutane na wucewa suna cewa ga uban da ya bar abin da ya fi so saboda 'yarsa. Yana jin daɗin wannan magana ƙwarai, don ita kaɗai ta rage masa.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Auta ba ta fasa komai ba, tana gaishe shi, tana kawo masa abinci da ruwan alwala, tana wanke masa kaya. Amma ta daina zama. A da in ta kawo abu sai ta nemi gefen tabarma ta yi ta zuba masa surutu har sai ya kore ta. Yanzu sai ta ajiye ta juya. Ya ɗauka sauran ciwo ne, ya zuba mata ido wata guda. Wata rana da hantsi ta kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Auta, zauna mana. Ko har yanzu jikin ne?"

Ta durƙusa daga nesa kaɗan. "Jiki ya yi sauƙi, Baba."

"To me na yi miki? Kin ga dai na bar komai."

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ranar da Malam ya zo, kun ɗauka ba na nan. Ina nan, Baba. Ina can ƙasa, ruwa ya rufe ni, amma ina jin kowa. Na ji abin da ta nema. Na ji Malam ya ce kai za ka faɗa. Sai na ce a raina, shi ke nan na tsira, ai Baba ne."

Nutsau ya ajiye kofin a hankali.

"Na amsa ai. Kin ji na amsa."

"Ka amsa."

"Ɗan shiru ne kawai. Mutum ai yakan..."

"Na sani, Baba. Ban riƙe ka da komai ba, wallahi, kullum ina yi maka addu'a. Sai dai ni ce na jira shirun nan, kuma sai da Inna ta yi magana."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganarta. Ta ɗan jira ko zai ce wani abu. Da bai ce ba, ta ɗauki kofin ta shiga gida.